Mu ne Muka Fara Gwada Kanmu a Ɓoye

Akwai wani abu da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje na zamaninmu ba sa son a tono, ni kuwa yau zan tono shi tunda na ajiye aiki, babu mai rubuta mini takardar tuhuma. Da yawanmu mun taɓa sa tsinken gwajin ƙanjamau a aljihu mun tafi gida da shi. Ni na yi nawa a shekarar 2006, bayan allurar da na ɗebi jinin wani majinyaci da ita ta soke ni a yatsa. Na kai rahoto kamar yadda ƙa'ida ta ce, na sha maganin kariya na kwana 28 wanda ya kusa zazzago mini hanji. Amma da lokacin sake gwaji ya zo bayan wata uku, sai na dubi mutanen da za su karanta sakamakona. Ɗaya tare muke sallah a masallacin unguwa, ɗayar kuma ƙawar matata ce tun suna makaranta. Na bari aka tashi aiki, na ɗauki tsinken Determine guda, na je gida na kulle kaina a banɗaki, na huda yatsa. Minti 15 ɗin nan ban taɓa ganin lokaci mai nauyinsu ba. Layi ɗaya ya fito. Washegari na je na miƙa hannu aka ɗebi jinina a hukumance, ina ta barkwanci kamar wanda bai san tsoro ba.

Bayan shekara goma sha biyu, ni ɗin nan ne na miƙe a wani taron bita na ce ba za ta saɓu ba a ba talaka tsinke ya je ya gwada kansa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma kafin a yanke mini hukunci, ya kamata a san irin tarbiyyar da aikin ya yi mana.

A 1986 aka fara ba da rahoton cutar a Najeriya. Da na shigo aikin a farkon shekarun 1990, gwaji abu ne na manyan asibitoci, na'urar ELISA ce, sai an tara jini da yawa kafin a kunna ta, mutum ya yi mako biyu ko fiye yana jiran amsa. Amsar kuma ba ta da magani a bayanta. Mutanen gari ba su yi ƙarya ba da suka raɗa wa ciwon suna kabari salamu alaikum. A katin majinyaci ba a rubuta sunan cutar, sai wata alama da mu kaɗai muka san ma'anarta, ko da yake masu shara ma sun gane ta kafin a je ko'ina. Sau da yawa shi mai ciwon ba a faɗa masa. A ja wansa ko kawunsa gefe a ce, "Alhaji, ku kai shi gida a ci gaba da addu'a." Awon da ake yi wa mata masu ciki don kimanta yaɗuwar cutar ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya hau har kashi 5.8 a 2001. A tsakanin nan ne, cikin 1997, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya fito fili ya ce ƙanjamau ce ta kashe ƙanensa Fela. A Legas maganar ta girgiza mutane. A wajenmu an ɗauke ta labarin mawaƙa da mutanen bariki.

A irin wannan yanayi aka haifi tsarin ba da shawara kafin gwaji da bayan gwaji, kuma yana da hujja. Idan takardar da za ka miƙa wa mutum daidai take da sammacin mutuwa, ba ka barinsa shi kaɗai da ita. An koya mana yadda ake zama, yadda ake kallon fuska, yadda ake yin shiru. An koya mana cewa sakamako ba ya fita sai ta bakin wanda aka horar. Wannan ya shiga jininmu har ya zama kamar rukunin addini, muka manta dalilin da ya sa aka kafa shi.

Sai magani ya zo. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara raba maganin rage kaifin cutar a cibiyoyi 25, ga manya dubu goma, ana biyan wani abu duk wata. Kuɗin shirin PEPFAR na Amurka suka fara shigowa a 2004, a 2006 kuma maganin ya zama kyauta. Tare da su tsinkayen gwajin gaggawa suka cika mana ɗakuna: a fara da Determine, in ya nuna a tabbatar da Uni-Gold, in suka saɓa Stat-Pak ya raba gardama. Abin da ke cin mako biyu ya dawo rabin awa. An buɗe ɗakunan gwaji da allo mai hoton zuciya, Heart to Heart, an yi musu fenti mai kyau, an sa fanka da labule. Wanda ya tsara allon bai taɓa zama a unguwar Hausawa ba. Allon nan shi ya zama mai shela. Duk wanda aka gani ya doshi ƙofar, kafin ya fito labari ya riga shi isa gida. Na san mutanen da suka biya kuɗin mota daga Kano zuwa Zariya ko Kaduna don kawai a gwada su inda ba a san kakansu ba, mu ma muna karɓar baƙin da suka baro nasu garuruwan saboda dalili guda. Kowa na gudun idon sani.

Kada kuma a manta da abin da ke cikin zukatan mutane game da duk wani abu da ya fito daga waje. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 bai bar ƙwaƙwalwar kowa ba, kuma a 2003, lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna, cikin jita-jitar da ta yawo har da cewa an sa ƙwayar ƙanjamau a ciki. Na sha jin dattijo ya ce, "Ɗana, ita wannan allurar da za ka huda ni da ita, wa ya tabbatar mini ba ita ce ke ɗauke da ciwon ba?"

Mata dai awon ciki na kamo su, ko suna so ko ba sa so. Maza ne ba sa zuwa. Namiji ba ya zuwa sai an ɗauko shi ranga-ranga, tarin fuka ya gama cinye shi. Rajistarmu cike take da matan aure da aka samu da cutar, mazajensu kuwa ko inuwarsu ba mu gani ba. Mun yi shekaru muna kallon wannan giɓi muna cewa jahilci ne, alhali mu masu ilimin muna sa tsinke a aljihu. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Da aka bincika a Kenya da Habasha da Malawi, an tarar ma'aikatan lafiya da yawa haka suke yi, kuma dalilinsu namu ne: ba sa son abokin aiki ya san sirrinsu. Kenya ce ma ta riga kowa a nahiyar nan ta sa gwajin kai cikin ƙa'idojinta na ƙasa tun 2008.

Turawa ma sun yi irin tirjiyarmu, har sun fi mu. Ingila ta haramta sayar da kayan gwajin gida a 1992, ba ta janye haramcin ba sai 2014. Amurka ta yarda a 1996 mutum ya ɗiga jini a takarda ya aika ta gidan waya, amma sakamakon sai dai ya ji shi ta tarho daga bakin wani. Sai a 2012 ta amince da OraQuick, wanda mutum zai goga a dasashi ya karanta da idonsa. Hujjarsu a duk tsawon shekarun ita ce wadda na maimaita a taron bita: mutum zai ga layi biyu ya kashe kansa. Abin da ya karya wannan hujja daga Afirka ya fito, daga unguwannin birnin Blantyre na Malawi, inda aka raba wa mutane kayan gwajin ta hannun maƙwabtansu. Suka karɓa hannu bibbiyu, har da maza da samari, suka kuma karanta daidai. A 2015 ƙungiyar Unitaid ta zuba kuɗi aka faɗaɗa aikin a Malawi da Zambiya da Zimbabwe. A ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe su ƙara gwajin kai cikin hanyoyinsu, a 2017 ta tantance OraQuick, Gidauniyar Gates kuma ta sa aka sauko da farashinsa zuwa dala 2 ga ƙasashe 50. Najeriya ta fitar da nata ƙa'idojin a 2018.

Shekarar ce kuma aka yi babbar ƙidayar masu cutar ta gida-gida, wadda Shugaba Buhari ya bayyana sakamakonta a watan Maris na 2019: kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49, kimanin mutum miliyan 1.9. Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci, kashi 0.6. Wasu sun yi murna, amma mu da ke cikin aikin mun san abin da lissafin ke nufi. Inda cutar ta yi ƙaranci, sai ka gwada mutum ɗaruruwa kafin ka samu ɗaya, kuma ɗayan nan shi ne wanda ba zai taɓa zuwa rumfar da ka kafa a kasuwa ba. Inda ta yi ƙaranci kuma nan ƙyama ta fi tsanani, domin mai ita ba shi da abokin kuka.

A taron bitar da na ambata, ɗakin ya kusa kamawa da wuta. Wata babbar nas da ta girme ni a aiki ta ce, "Yanzu yarinya 'yar shekara goma sha takwas ta kulle ɗaki ta ga layi biyu da tsakar dare, wa zai riƙe ta?" Wani likita ya ce mutanen da ba su iya karanta takardar magani ba, ta yaya za su bi umarni mai mataki bakwai? Ni kuma na kawo maganar ƙwarewa, na ce shekara nawa muka yi muna koyon wannan aiki. Wani matashi daga cikin masu aikin sa-kai ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, in kowa ya gwada kansa, mu me za mu rubuta a rajista?" Aka yi dariya, amma shi ne ya fi mu gaskiya. Masu ba da tallafi da lamba suke auna mu: mutum nawa ka gwada, nawa ka samu, nawa ka ɗora a kan magani. Alawus ɗin yaran nan a kan lambar yake. Tsinken da aka buɗe a banɗakin wani ba ya shiga rajistar kowa. Ƙarƙashin wannan duka akwai abin da babu wanda ya furta: shekara talatin sirrin mutane na hannunmu, mu muke fara sani kafin mai jiki ya sani, kuma wannan mulki ne. Sakin mulki ko na ɗan ƙaramin ɗaki ne da wuya.

Da muka fita da kayan, tambayar farko da muka ci karo da ita ba ta cikin littafin horo. A wata tashar mota wani direba ya juya tsinken ya ce, "Malam, ba ku ne kuka shekara ashirin kuna ce mana babu ciwon nan a yawu ba, mu ci abinci tare, mu sha a kofi ɗaya? To yanzu me zai nemo a bakina?" Tambaya ce ta mai hankali. Sai da muka koyi bayani a taƙaice: tsinken ba ƙwayar cutar yake nema ba, dakarun da jiki ke fitarwa don yaƙarta yake nema, su kuwa suna tsattsafowa ta dasashi. Kamar sawun ɓarawo ne, ka gan shi a ƙofar gida ko da ɓarawon na can cikin ɗaka. Da wannan kwatance na sawu muka ci kasuwa. Sauran umarnin kuwa bai ba kowa wuya ba: a goga sama sau ɗaya, ƙasa sau ɗaya, a tsoma cikin 'yar kwalba, a jira minti 20, kada a wuce 40. Matan da likitan nan ya ce ba za su iya ba, yawancinsu sun saba da tsinken gwajin ciki, sun san layi ɗaya da layi biyu tun kafin mu buɗe baki.

Maza sun karɓa fiye da yadda muka zata, amma da salonsu. Ba a taɓa samun wanda ya ce wa kansa zai karɓa ba. Kullum "wani abokina ne yake so." Mu kuma muka koyi cewa, "To, ga biyu, ka kai wa abokin naka ɗaya." Wasu sun fi son na jini, suna cewa abin da bai huda ba bai yi aiki ba. Matasa kuwa sun fi son su saya a kemis ɗin da ba na unguwarsu ba, su biya kuɗi su fita babu wanda ya tambayi sunansu, sai dai kuɗin yakan kai na cefanen yini. Lokacin kullen korona a 2020, da asibiti ya zama wurin da kowa ke gudu, har abokan aikina masu taurin kai sun sassauto.

Inda na ga abin ya yi tsauri shi ne cikin gidan aure. An kawo mana dabarar da ta yi aiki a Gabashin Afirka: a ba mai ciki tsinke ta kai wa mijinta. A wasu gidajen ya yi. A wasu kuwa tambayar farko ita ce, "Wa ya aike ki? Zargina kike yi, ko ke ce kika san abin da kika aikata?" Wata mata ta dawo mana da shi a ƙunshe cikin gefen zani ta ce wa wata abokiyar aikinmu, "Sista, ki rufa mini asiri ki karɓi kayanki, ina da kishiyoyi biyu." Daga nan muka daina tura kowa da shi sai mun tambaye ta ko ta san halin mijinta. Akwai kuma juyin wannan, wanda ya fi tayar mini da hankali: miji ya sayo, ya tsaya a kan matarsa ta gwada a gabansa, shi kuwa ko kusa. Kisan kan da muka yi ta tsoro ban gan shi ba, manyan binciken da aka yi a kudancin Afirka ma sun nuna abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai. Tilastawa kuwa na gan ta da idona, kuma a taronmu na 2018 babu wanda ya ba ta minti biyar.

Maganar aure ta sake buɗe wata ƙofa. Tun auren zawarawa da Hisba ta fara shiryawa a Kano a 2012 ake gwada ma'aurata kafin a ɗaura, kuma a 2024 jihar ta mayar da gwajin kafin aure doka. Ranar wannan gwaji dangi biyu ne ke jiran amsa, an sa rana, an kai lefe. Babu wurin da ya fi muni mutum ya fara jin labarinsa kamar nan. Masu wayo suka gane su fara gwada kansu tun kafin magana ta yi nisa. Wanda ya ga abin da bai so ba yana da damar ya zo a tabbatar, ya fara magani, ya yi shawara da wadda zai aura ko ya janye cikin mutunci. Sai dai ya kamata kowa ya sani, tsinken gida ba takardar shaida ba ce, kuma saurayin da ya turo hoton layi ɗaya ta WhatsApp bai tabbatar da komai ba.

Matsalolin gaskiya na gwajin kai ba su da ban mamaki, shi ya sa ba a yi musu taro. Akwai layi na biyu da kan fito dishi-dishi, mai shi ya ce ai bai fito sosai ba ya jefa a masai. Akwai wanda ya yi ganganci jiya ya gwada yau, bai san jiki kan ɗauki har wata uku kafin sawun ya bayyana ba. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta masu shan magani. Wanda ya daɗe a kan magani dakarun nan kan ragu a jikinsa, har tsinken baki ya iya nuna layi ɗaya alhali ƙwayar na nan kwance. Mu kuwa ƙasa ce da masu ikirarin warkarwa ba su taɓa ƙarewa ba, tun zamanin hayaniyar Dakta Abalaka har zuwa masu lasifika a bayan mota. Wani bawan Allah da ya shekara tara yana karɓar magani a wajenmu ya sha wani jiƙo na wata uku, ya sayi tsinke, ya ga layi ɗaya, ya yi sadaka, ya zubar da ƙwayoyinsa. Bayan shekara guda aka kawo shi a kwance. Ya tashi, da ikon Allah, amma da ƙyar. A jikin kwalin an rubuta cewa mai shan magani kada ya yi amfani da shi. Da Turanci aka rubuta.

Sai babbar tambaya, wadda babbar nas ɗin nan ta yi kusa da ita: bayan layi biyu, sai me? Tsinken ya ɗauke wa mutum kunyar matakin farko, amma mataki na biyu na nan yadda muka bar shi. Dole ya zo a sake gwada shi da jini, dole ya ratsa ƙofar nan, ya tarar da mu. Dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 tana nan a takarda, amma ba ta hana ma'aikaci ɗaga murya a baranda ya ce, "Masu karɓar magani ku koma can." Idan wani ya ga sakamakonsa ya zauna a gida wata shida, mukan ce laifin tsinken ne. Ni a ganina rabin laifin na bakinmu ne. Da ɗakunanmu na riƙe sirri, da ni kaina ban kulle banɗaki a 2006 ba.

A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a waje, kuma waɗanda abin ya fara shafa su ne yaran nan masu aikin sa-kai, masu bin unguwa-unguwa, masu amsa waya da dare idan wani ya ga layi biyu. Matashin da ya yi tambayar rajista yanzu Adaidaita Sahu yake tuƙawa. Mun haɗu kwanan baya, ya ce har yanzu tsofaffin mutanensa na kiransa, shi kuma yana raka su asibiti a babur ɗinsa ba ya karɓar ko sisi.

Ga abokan aikina da ke bakin aiki har yanzu, roƙona kaɗan ne: wanda ya shigo da tsinke a aljihu yana rawar murya, kada a tambaye shi wa ya ba shi izini, a ja labule a zaunar da shi. Kai kuma mai karatu, in ka gwada ka ga layi biyu, ko na biyun dishi-dishi ne, kada ka yanke wa kanka hukunci a ɗaka. Ka je a sake gwada ka da jini, in ka ga dama a garin da ba a san ka ba. In kana shan magani, kada ka taɓa tsinken nan. Maganin kansa har yau kyauta ne a asibitocin gwamnati.